Ciniki a Kan Tabarma

Baffana dillalin shanu ne a Tike,
shekara ashirin yana buɗe bakin bijimi ya karanta haƙori,
bai taɓa sallamawa a tayin farko ba.
Na san haka. Duk da haka na je.

Na bari ya ci tuwo, ya wanke hannu,
ya jingina da buhun masara.
Dada na tsintar shinkafar masar gobe,
wayarta na shan caji a kan kifaffen turmi.

Na ce, "Baffa, awa uku."
Ya ce, "Albarka."
Ban ma faɗi na mene ne ba.

Na ce wasa ne, mu huɗu a runduna:
ni, da Muttaƙa na Bolari,
da wani yaro a Damagaram,
sai wani Guguwa, ban san garinsu ba.
Nan Baffa ya cire tsinken sakace daga baki.

"Ba ka san garinsu ba.
Gidan nan ko mai tallan manja sai ta yi sallama,
kai kuwa ka shigo mini da ƙato ta kunne,
sha ɗayan dare, ba ko gyaran murya."

Na ce, "Ai kai ma kana dara a gindin ɗorawa
tun daga la'asar har a kira magariba."
Na faɗa, na so in haɗiye.
Bai yi fushi ba. Ya ce,
"Duk wanda nake dara da shi
na san ƙofar da zan je masa ta'aziyya."

Dada ba ta ɗago kai daga faifai ba.
"Ni ba ruwana da Guguwa.
Ranar Talata na aike ka niƙa,
ka ce saura minti biyar, wai ba a tsayar da shi.
Minti biyar ɗinka ya haifi 'ya'ya da jikoki,
mai inji ya rufe,
mai biki ta nemi masa ɗari, waya a mace."

"Dada, in na fita ana tsaka da yaƙi
na yasar da abokaina."
"To ni da ka yasar fa?"

Sauro ya yi kuka a kunnena. Na rasa ta cewa.

Na sauko: awa biyu.
Baffa ya ce rabi.
Na ce ɗaya da rabi, Juma'a, Asabar, Lahadi.
Ya zare Lahadi kamar kaska daga wuyan maraƙi.
Data daga aljihuna,
ni zan riƙa kai masa Tashar Dukku da safe.
Lissafi ya gaza sittin, ciniki ya warware.
Abin kunne kuma a jakarsa zai kwana:
duk mai magana ya yi ta a tsakar gida,
kowa ya ji.

Awa ɗaya da kwata. Ya miƙo hannu.
"Na sallama."
Dada ta ce, "Mai waya fa, ina la'adarta?"
Wankin tanda ya hau kaina har watan azumi.

Asabar, bayan isha, na shiga.
Baffa na gefe, wai rediyo yake ji,
rediyon kuwa ba batir.
Sai ga muryar Guguwa, siririya kamar ta ɗan tsako,
daga bayansa wata uwa na ƙwala kira,
"Yila! Kwanukan nan su za su wanke kansu?"
"Mama, saura minti biyar!"

Dada ta yi dariya har shinkafa ta zube.

Baffa ya matso, ya sunkuya kan gilashin,
ya gyara hula kamar ana ganin sa.
"Sannu yaro. Ɗan gidan waye kai?"

Kafin Yila ya gama cewa Billiri
an harbe mu, mu huɗu, a fili.
Saura mini minti arba'in,
Baffa na tambayar sa ya damina a wajensu,
ko gero ya fara kai.